Wasiƙa: A daina gayyatarmu bikin suna alhali ba a haihu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya haƙuri da mu masu aiko da dogayen wasiƙu. Don Allah ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wannan yayi da ya shigo na kafa kamfanin jirgin sama, domin tun da jihar Enugu ta ƙaddamar da nata a watan Yulin 2025 nake ganin samarinmu a Facebook suna ta kumfar baki, wai ina gwamnoninmu na Arewa, Akwa Ibom na da nata, Enugu ta yi nata, mu kullum mu ne a baya. Har wani na gani ya zana jirgi a kwamfuta ya rubuta sunan jiharsu a jiki ya manna masa tambarin Arewa a wutsiya, mutane na ta Masha Allah a ƙasa kamar gobe zai tashi.

Ni sana'ata sayar da tikitin jirgi ce a wani ɗan ofis a cikin Kano, masu Umara, 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Chana, ɗalibai masu komawa Masar, da 'yan Legas da Abuja na yau da gobe. Ban taɓa tuƙa jirgi ba kuma ni ba injiniya ba ne, amma idan kamfani ya mutu a gabana ake zuwa a yi kukan, ni ake riƙe wa riga, shi ya sa na ga ina da bakin magana.

Mu ɗan koma baya kaɗan, don mu 'yan Najeriya Allah ya yi mu da saurin mantuwa. Ranar 18 ga Yulin 2018 ƙaramin ministan jiragen sama na lokacin Sanata Hadi Sirika ya je baje kolin jirage na Farnborough a Ingila ya nuna wa duniya suna da tambarin sabon kamfanin ƙasa, Nigeria Air. Aka ce a Disambar shekarar zai fara tashi da jirage 5, cikin shekara 5 su kai 30. Wallahi a ranar na yi murna, ba zan ɓoye ba, har na ce wa abokin aikina ka ga yanzu za mu huta da roƙon kamfanonin waje su ba mu kujera lokacin azumi. Wata biyu tsakani, a Satumba, gwamnati ta ce ta dakatar da maganar. Shiru kake ji. Sai a 2022 aka sake tado da ita, aka ce kamfanin Ethiopian Airlines na Habasha zai riƙe kashi 49, 'yan kasuwar Najeriya kashi 46, gwamnatin tarayya kashi 5 kacal. Kamfanonin gida ta ƙungiyarsu ta AON, ciki har da Air Peace da Azman da Max Air, suka garzaya babbar kotun tarayya a Legas a Nuwambar 2022 suka ce ba su yarda ba, an ɗauko baƙo an ba shi kasuwar cikin gida zai kashe su.

Ana cikin wannan shari'ar sai ga ranar Juma'a 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku Buhari ya miƙa mulki, jirgi ƙirar Boeing 737 ya sauka a Abuja da rubutun Nigeria Air ɓaro-ɓaro a jikinsa, kore da fari, manya suka jeru aka yi hotuna aka yi jawabai. A waya muka kalla a ofis. Wani yaro da ke mana aikin kwamfuta, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi ya fara cewa Oga tsaya, ja hoton nan ka ga lambar da ke kusa da wutsiya. Na ja, sai ga ET-APL. To duk wanda ya san harkar nan ya san jirgin da aka yi wa rajista a Najeriya da 5N lambarsa ke farawa, na Nijar 5U, ET kuwa ta Habasha ce. Kamar a ce maka ga sabuwar motar gwamnatin Kano ka duba ka ga lambar Kwatano. Kafin dare matasa sun bi sawunsa a intanet sun gano jirgin Ethiopian ne da ya saba jigilarsa, kuma ba a jima ba ya koma Adis Ababa ya ci gaba da aikinsa. Da majalisa ta kira shugaban riƙon kamfanin, Kyaftin Dapo Olumide, da bakinsa ya ce shatarsa aka yi aka kawo don a nuna wa 'yan ƙasa. Shi tsohon ministan daga baya ya ce Habashawan ne suka kawo shi da kuɗinsu a matsayin talla. To ko ma waye ya biya, Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Festus Keyamo da ya zo a matsayin sabon minista ya dakatar da aikin, a Agustan 2024 kuma kotu ta soke cinikin hannun jarin da aka yi da Ethiopian. Shekara shida cif, fasinja ko ɗaya bai taɓa sayen tikitin Nigeria Air ba, ni da nake sayarwa ban taɓa ganin sunansa ya fito a na'urata ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba fentin ba ne, shi ne a ranar da aka yi wancan biki kamfanin ba shi da takardar da ke ba shi damar ɗaukar fasinja ko mutum ɗaya. Mutane da yawa ba su san akwai takardu iri biyu ba. Akwai lasisin ATL wanda kusan izinin shiga kasuwa ne kawai, wannan an ba Nigeria Air tun a Yunin 2022. Sai kuma uwa uba AOC, wadda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ke bayarwa, ita ce shaidar cewa ka iya tafiyar da jirgi ba tare da ka kashe mutane ba, kuma matakai biyar ne sai ka haye su ɗaya bayan ɗaya. Ka fara zuwa ka gabatar da kanka a zauna da kai, sannan ka shigar da takardar nema a hukumance, sannan su karɓi littattafanka, kuma ba littafi ɗaya ko biyu ba, tuli guda, yadda za ka gyara jirgi, yadda za ka horar da matuƙa, yadda za a yi lodin kaya, abin da ma'aikaciyar cikin jirgi za ta yi in wuta ta tashi, su bi su shafi-shafi suna dawo maka da su kana gyarawa. Kuma dole ka nuna mutanenka da sunansu da takardunsu, wane ne babban matuƙi, wane ne shugaban injiniyoyi, wane ne mai kula da tsaro da inganci, ba ɗan ƙanwarka da ya gama bautar ƙasa jiya ba. Bayan nan sai gwaji, ka ɗauki jirginka ba fasinja ko ɗaya sai sufetocin hukuma ka yi ta shawagi har awa 50 kana ƙona mai a banza suna kallon yadda kuke aiki, su ce ku nuna yadda za a kwashe mutane daga jirgi in an yi saukar gaggawa. Sai ka tsallake duk wannan a ba ka takarda. Nigeria Air a matakin farko yake lokacin da aka yi masa walima. Shi ya sa na ce bikin suna aka gayyace mu ba a haihu ba, rago ma aro aka yi.

Kuma Malam Edita ita takardar ma, duk wahalarta, ita ce ɓangare mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Wannan sana'a ce da za ka sayar da naira ka kashe da dala. Hayar jirgi dala, inshora dala, kayan gyara dala, ko taya ce ta ƙare ko tsuntsu ya faɗa cikin inji to dala za ka nema. Matuƙi duk wata shida sai ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi an sake gwada shi, mafi yawa a waje ake kai su duk da muna da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tun 1964. Duk bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu sai jirgi ya shiga babban gyara inda ake kwance shi kusan gaba ɗaya, kuma yawancin jiragenmu waje ake kai su, jirgi ya tafi a ce sati shida ya yi wata shida saboda mai shi na layin neman dala, shi kuma albashin ma'aikata ba ya jira. Ga man jirgi, a 2021 lita ba ta kai naira 200 ba, a Mayun 2022 ta kai 700 har kamfanoni suka yi barazanar ajiye jiragensu, daga baya ta haura 1,000. Boeing 737 kuwa yana shan wajen lita 3,000 a awa guda, ka yi lissafi da kanka, daga Kano zuwa Legas awa ɗaya da ɗoriya, miliyan uku da wani abu ta tafi a mai kaɗai kafin a zo maganar haraji da kuɗin sauka da na ma'aikata. In jirgin ya tashi rabi babu kowa, kamar yadda ake gani ranar Talata da rana, to asara aka tashi da ita sama. Kujerar jirgi ba buhun shinkafa ba ce da za ka mayar sito ka sayar gobe, da zarar an rufe ƙofa ta tafi kenan.

Wani abin dariya, a 2007 aka ce duk mai son jigilar cikin gida ya nuna jarin naira miliyan 500. A lokacin dala ba ta kai naira 130 ba, wato kusan dala miliyan 4 kenan. Yau wannan kuɗin ko injin jirgi ɗaya mai lafiya ba zai saya maka ba. Shi ya sa za ka ga attajiri ya ci riba a mai ko shinkafa ko kwangila ya ce bari ya shiga jirgi, yana ganin kamar lodin tirela ne, shekara uku huɗu ka ji shiru.

Mu a Arewa ai bai kamata a ba mu labarin wannan ba, a gabanmu aka yi. Tun 1925 jirgi ya sauka a Kano, filin jirginmu ya girmi na ko'ina a ƙasar nan, akwai lokacin da KLM ke ɗaukar mutum daga nan kai tsaye zuwa Amsterdam. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air tun farkon shekarun 1980 lokacin da ba kowa ke da zuciyar yin haka ba, iyayenmu da yawa a jumbonsa suka sauke farali. Ga Chanchangi daga Kaduna wanda a lokacinsa shi ke riƙe da hanyar Legas da Abuja, ga IRS na gidan Isyaku Rabi'u, ga Albarka, can Kudu ga Okada ga Bellview ga Sosoliso ga ADC. Yau suna ina? Duk wanda ya taɓa tashi daga filin Malam Aminu Kano ya leƙa ta taga ya ga tsofaffin jirage jere a gefe, fenti ya koɗe, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Kowanne cikinsu akwai ranar da aka yi masa biki aka yanka ƙyalle. Kuma waɗannan mutane ne da kuɗinsu suka zuba, suna jin zafinsa, ba kuɗin baitulmali ba da kowa ke ganin na banza ne.

Na gwamnati kuwa ai ga Nigeria Airways nan, mai tambarin giwa da fukafuki, daga 1958 har 2003 da Obasanjo ya rufe shi. A farkon shekarun 1980 yana da jirage wajen 30, lokacin da aka rufe shi kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba masu tashi. Manyanmu a wannan sana'a suna ba mu labarin yadda ake sayar da tikiti fiye da kujeru, in an kira jirgi sai ka tattare babbar riga ka ruga a guje a kan kwalta don wanda ya riga shiga shi ke da kujera, ga manya da iyalansu da ke hawa da 'yar takarda ba biya. Tsofaffin ma'aikatansa sai a 2018, shekara 15 bayan rufewa, gwamnatin Buhari ta fitar da naira biliyan 22 da ɗoriya a matsayin rabin haƙƙinsu, da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su gani ba. Bayansa aka kawo Virgin Nigeria a 2005 da Turawan Virgin Atlantic, rigima ta ɓarke a 2008 kan wane ɓangaren filin jirgin Legas za su riƙa lodi, Turawan suka janye, aka sauya suna sau biyu, a 2012 ya mutu yana Air Nigeria.

Bari in ba ka wani abu da ya faru a tebur ɗina. Wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi, tsohuwar kwastoma, ta sayi tikiti shida ita da 'ya'yanta da jika za su je biki Legas, a wani sabon kamfani da ba zan kama suna ba, ya shigo da araha kowa na rububi, ni ma na ce mata Hajiya ki gwada su ai sun fi sauƙi. Jirgi biyu gare su a lokacin. Ranar tafiya tun ƙarfe bakwai na safe suna filin jirgi, aka ce sha ɗaya, aka ce biyu, aka ce ana jiransa daga Abuja, ashe ɗaya yana gyara ɗayan kuma shi kaɗai ke zagaye ƙasar gaba ɗaya, da ya makara a gari ɗaya shikenan duk sauran sun makara. Ƙarfe tara na dare aka ce su tafi gida sai gobe. Ta kira ni ta ce Malam kai ka sa ni, ga jikata nan tana barci a kan akwati, za a ɗaura aure gobe da safe. Ba su je ba. Kuɗin kuma na bi na bi, wasiƙa, waya, har ofishinsu na je na tarar da kwaɗo a ƙofa. Rabin kuɗin daga aljihuna na biya ta don in tsira da mutuncina, har yau in ta shigo sai ta ce ya labarin mutanenka masu araha, mu yi dariya, amma ni dai ba dariya ce a cikina ba.

Kada a ce ina hassada ko na ce ba zai yiwu ba. Yana yiwuwa mana. Shi kansa Ethiopian ɗin da muka aro jirginsa ai ɗari bisa ɗari na gwamnati ne, ya fara tashi tun 1946, Turawan Amurka na TWA suka koya musu aiki suka miƙa musu, an yi sarki Haile Selassie an yi sojojin Mengistu an yi yaƙi an yi yunwa, amma duk wanda ya hau mulki sai ya ƙyale kamfanin ya yi aikinsa a matsayin kasuwanci, tun 2018 jiragensu suka haura 100, suna da makarantarsu da garejinsu, yau ɗan Kantin Kwari mai zuwa Guangzhou ta Adis Ababa yake bi. Mu kuwa mun san halinmu, ranar da aka kafa kamfanin jiha ranar za a fara aiko da sunayen 'yan siyasa a ɗauka aiki, ranar da mai girma zai je ɗaurin aure a ce a sauke fasinja a ba tawaga jirgi, ma'aikatu su yi ta hawa bashi, sabon gwamna ya zo ya ce aikin wancan ne ba ruwansa. A nan gida Ibom Air na jihar Akwa Ibom ya burge ni gaskiya, sun fara a Yunin 2019 da ƙananan jirage CRJ900, Uyo zuwa Legas, Uyo zuwa Abuja, ba su ce za su je Landan a shekarar farko ba, suka ɗauko waɗanda suka san aikin suka ba su, sai a 2021 suka yi odar Airbus A220 guda 10, kuma an sauya gwamna kamfanin bai girgiza ba. Ni a matsayina na mai sayarwa in kwastoma ya ce yana son wanda zai tashi a kan lokaci ina sa su a sahun gaba. Haka Rano Air da ya fara a 2023 da ƙananan Embraer masu kujera 50, ni ina ganin dabara ce mai kyau ga garuruwan da ba za su cika babban jirgi ba, gara ka cika ƙarami da ka tashi da babba fanko, Allah ya ba su ɗorewa. Wanda ya yi ƙoƙari kuma a faɗa, da Air Peace ya fara zuwa Landan a ƙarshen Maris 2024 da idona na ga yadda kamfanonin waje suka sauko da farashi a na'ura cikin 'yan kwanaki, to ka ga amfanin kamfanin gida mai ƙarfi kenan.

Ni da za a tambaye ni, gwamnan da ke da biliyoyin da zai zuba a jirgi gara ya fara duba filin jirgin jiharsa. Filaye nawa ne a Arewa da rana na faɗuwa an rufe su saboda babu fitilun titin sauka? In hunturu ya shigo hazo ya sauko sati guda ana soke tashi, muna ta ba mutane haƙuri kamar mu muka turo ƙurar, alhali akwai na'urorin da ke taimaka wa jirgi sauka a irin wannan yanayi in an saka su kuma ana kula da su. Ga maganar garejin gyaran jirage, Kano da busasshiyar iska da fili iya ganinka, da an yi mai kyau guda ɗaya ai dalar da ake kai wa waje da ta tsaya a nan, yaranmu da suka gama Zariya suna yawo da takardu da sun samu aiki. Na san matuƙa matasa da iyayensu suka sayar da gona da gida aka horar da su, suna zaune ba aiki saboda ba su da kuɗin ƙaro horo a kan irin jirgin da kamfanoni ke amfani da shi, jiha za ta iya ɗaukar nauyin wannan da kuɗin da bai kai na fenti da walima ba. In an gyara waɗannan, kamfanonin da ke akwai da kansu za su zo, ba sai an roƙe su ba.

In kuma dole sai an yi kamfanin, to Malam Edita roƙona gare ku 'yan jarida, ranar da aka kira ku ƙaddamarwa kada ku tsaya ɗaukar hoton masu rawa da mai yanka ƙyalle. Ku zagaya bayan jirgin ku karanto mana lambar da ke kusa da wutsiya, 5N ce ko ta wata ƙasa. Ku ce a nuna muku AOC, tasu ce ko ta wani kamfani aka raɓa da ita, don shi ma ana yi kuma ba laifi ba ne in an faɗa wa mutane gaskiya. Ku tambaya jirgin saye aka yi ko haya, in haya ce da matuƙansa da injiniyoyinsa aka ɗauko kamar shatar mota da direba ko kuwa namu ne za su tuƙa, nawa ake biya a wata kuma da wane kuɗi, majalisar jiha ta gani ko ba ta gani ba, kuma in wannan ya shiga gyara wanne ne zai ɗauki fasinjan da suka riga suka biya. Sannan ku turo yaronku ofishina ko na wani irina a ranar ya ce a yanka masa tikitin gobe, mu buga mu gani ko sunan zai fito.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. A gaida ma'aikata.

Naku,
Wani mai sayar da tikiti, daga Kano.